Ƙarar Maɓallin Hagu

Ƙarar ta fara ne a wani dare da aka ɗauke wuta. Ƙwas, ƙwas-ƙwas, ƙwas. Daga bayan bango take fitowa, daidai saitin kan gadonsa. Ba ɓera ba ne, don ɓera ba ya tsayawa ya sake ɗauka kamar makaɗi. Mai gyara ya kwanta rigingine yana saurare. Tun rasuwar mahaifiyarsa babu abin da ke ɓata masa rai, babu kuma mai faranta masa. Ya buɗe shagonsa a ƙasan bene, ya gyara wayoyi da rediyoyi, ya ci abinci bai ji ɗanɗanonsa ba, ya hau sama. Wannan ƙarar ce abu na farko da ya so ya san asalinsa.

Da safe ya same ta zaune a matattakala. 'Yar sabbin maƙwabtansa ce, 'yar direban bas, a gidan wanki da guga take aiki. Tana riƙe da hannun gem, wannan abin mai maɓallai da ake wasan bidiyo da shi, wayarsa tana lilo a iska. Idonta a rufe, yatsunta suna gudu. Duk sanda ta danna maɓallin hagu sai ya ce ƙwas.

"Sannu. Wayar fa ba a haɗe take da komai ba."

Ta buɗe ido ɗaya. "Na sani, Injiniya. Baba ya kulle talabijin a ɗakinsa. Yatsuna ne ke haddar karatu."

Ya ga tabon ƙuna a babban yatsanta na hagu, fari, mai sheƙi kamar ƙwan fitila. Bai tambaya ba.

Daga ranar ya raɗa mata suna Ƙwas. In ta taso daga aiki sai ta tsaya a bakin shago tana ba shi labarin gasar da ke tafe, wasan dambe na bidiyo. Kafin a shiga babbar gasar sai an yi wasan neman gurbi, kuma ta sha faɗuwa a bakin ƙofa. Babanta ya yanke magana: in bana ma ba ta samu ba, ta ajiye har abada.

Ran da ba ta danna ba, sai ya aika mata saƙo.

"Ƙwas, lafiya? Bangona ya yi shiru."

"Lafiya lau, Injiniya. Kai sai an yi maka kiɗa kake barci?"

"Da ban sani ba. Yanzu na sani."

Labari bai daɗe ba ya kai kunnen direba. Ya tare shi a ƙofar gida, makullin mota a hannu.

"Ɗan nan, ina neman mai raba ta da wannan shiririta, kai kuma gyara mata kake yi. Kada ka wahalar da manyanka, ba zan ba ka ba."

"To, Baba."

Ya faɗa ne kamar yadda yake faɗin kowace magana, babu hawa babu sauka.

Akwai kuma Kyaftin, mai gidan gem ɗin da take zuwa atisaye, saurayi mai turare da surutu. Wata rana mai gyara ya hango shi yana miƙa mata sabon hannun gem a kwali, mai kawo wuta kala-kala. Ta girgiza kai, ta rungume tsohon nata. Wani abu ya motsa a ƙirjin mai gyara, can ƙasa, kamar kifi a rijiya. Ya ce a ransa, sabo ya fi ƙarfina, amma zan iya mayar mata da nata sabo.

Ana gobe wasa ta kawo masa shi ya ɗaure wayar da ta fara tsinkewa. Ya ɗaure. Sannan ya kwance bayan, ya ga robar da ke ƙarƙashin maɓallin hagu ta tsage. Ya cire ta, ya sa sabuwa. Ya danna. Laushi kamar auduga, ko motsi ba a ji.

Zauren wasan sanyi gare shi, allunan talabijin a jere, matasa kamar ƙudan zuma. Aka fara. Ta danna, ta sake dannawa. Ɗan damben nata ya tsaya a allo kamar turke ana jibgarsa, can ya kai naushi inda babu kowa. Kafin mai gyara ya gane me ke faruwa, an gama da ita.

Ta zo ta tsaya a gabansa. Ba kuka take yi ba.

"Me ka yi masa?"

"Gyarawa na yi."

Ta ɗaga yatsan nan mai tabo, ta cije shi da ƙarfi har haƙori ya fito a jiki. Fuskarta ba ta canza ba.

"Tun da dutsen guga ya ƙone shi ba ya jin komai. Ƙarar nan ce ke gaya min na danna. Ko Baba bai sani ba."

Ta ajiye masa hannun gem ɗin a cinya, ta fita. Saura dama ɗaya, washegari, ga waɗanda suka faɗi.

Da yamma sai ga direba a shago, karon farko, har da zama a benci.

"Na ji aikin da ka yi, ɗan nan. Abin da ya gagare ni shekara da shekaru ka gama shi da ɗan sukudireba. Ka bar shi yadda yake. In an kwana biyu ka turo manyanka."

Mai gyara ya daɗe yana kallon bencin bayan ya tafi. Ga abin da yake so an miƙo masa, sharaɗin kawai ya naɗe hannu.

Ya duba kwandon shara, an riga an zubar. Sai ya ɗauki reza ya hau sama, ya tsaga sabuwar robar kaɗan, ya danna. Ba ita ba ce. Ya tuna shi ta bayan bango ya san ƙarar, don haka ya tura hannun gem ɗin ƙarƙashin filo, ya ɗora kunne. Ya ƙara tsagawa, ya saurara, ya ƙara. Can sai ta fito. Ƙwas.

Ya manna shi a bango ya danna. Wayarsa ta yi haske, saƙo daga gare ta.

"Ita ce."

Wani saƙon ya biyo baya. "Ka san Baba zai fasa?"

"Na sani."

"To don me, Injiniyana?"

"Ɗakin ya yi min shiru da yawa, Ƙwas."

Washegari ana tsakiyar wasan ƙarshe direba ya shigo zauren da kayan aikinsa, ya zo tafiya da 'yarsa. Ya tsaya a bayan kujerarta, kusa da mai gyara. Ta karkatar da kai gefe guda, ƙwas-ƙwas na fita daga tafin hannunta.

"Me ya sa take karkata kai haka?"

"Yatsan ba ya ji, Baba. Da kunne take yi."

Direba ya kalli yatsan, ya kalli makullin da ke hannunsa.

"Ni ma ban taɓa duba giyar mota ba," ya ce a hankali. "Kukan inji nake bi."

Ɗan damben abokin karawarta ya faɗi bai tashi ba. Sunanta ya hau allo, a gurbi na ƙarshe. Mai gyara ya juya ya dubi direba.

"Ka saɓa min," in ji direba.

"Na saɓa, Baba."

"Ka turo su duk da haka. Allah ya yi muku albarka."

Bayan ta dawo daga babbar gasa aka ɗaura aure. Kayanta ba su yi tafiya mai nisa ba, daga wannan ƙofa zuwa waccan. Direba da kansa ya ɗauko talabijin ɗin da ya kulle ya dire a ɗakinsu. Kyaftin ya kawo gudummawar hannun gem mai wuta kala-kala, yana nan a kwalinsa a saman durowa. 'Yan uwa suka yi addu'ar zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ango ya ci abinci ya ce gishiri ya ɗan yi yawa, amarya ta harare shi tana dariya.

Wata safiya suna saukowa tare, tsohuwar da ke zaune a ƙasansu ta leƙo ta taga.

"Amarya, wai mijin naki ba mai gyara ba ne? Me ya hana shi gyara abin nan da ke ƙwas-ƙwas?"