Mai Wankan Gawa da 'Yar Katakis

Ranar wata Asabar da yamma, a ƙaramin ajin da ke bayan coci, Auta ta fara ganinsa. Mahaifinta, wanda kowa ke kira Katakis, ya shekara ashirin da bakwai yana koyar da manya masu shirin baftisma. A 'yan kwanakin nan ciwon gwiwa ya matsa masa, shi ya sa take raka shi ta riƙe masa jakar littattafai, ta kuma yi masa rubutu a allo, tunda dama malamar firamare ce.

Mutum goma sha ɗaya ne a ajin. Goma sun cunkushe a benci biyu, gwiwa na gogar gwiwa, benci na uku kuwa mutum ɗaya ne a kansa, wani dogon saurayi mai farar riga da ta sha guga, ya ɗora littafinsa a cinya yana rubutu a hankali. Auta ta sunkuya ta tambayi wata mata me ya hana su komawa can su sake. Matar ta kare baki da hannu ta raɗa mata cewa ai mai wankan gawa ne a babban asibiti.

Nan take ran Auta ya ɓaci. Dama tun tana ƙarama ba ta iya haɗiye abu. Ta ajiye alli, ta taka har bencin na uku ta zauna. Saurayin ya matsa can ƙarshe har ya kusa faɗuwa.

"Ba na cizo," in ji ta.

"Ni ma haka," ya ce, idonsa na kan littafi. "Mutane ne ba su yarda ba."

Dariya ta kusa ƙwace mata a tsakiyar darasi.

Dogo ake ce masa. Da aka tashi ta tambaye shi abin da ya kawo shi ajin, ya ba ta labarin wata tsohuwar sista ta coci da ke zuwa wurin aikinsu duk sanda aka samu gawar da ba wanda ya zo nema. Takan tsaya a kanta ta yi addu'a kamar ɗanta ne ya mutu. Ya shekara biyu yana kallonta kafin ya tambaye ta dalili, ita kuma ta ce idan yana son amsa ya je ajin Asabar.

Sai da aka yi wata guda kafin ya iya neman lambarta, wai saboda tambayoyin darasi. Saƙonsa na farko ya same ta tana duba littattafan yara:

"Malama, barka da aiki. Na haddace addu'ar da aka ba mu, amma a tsakiya nake ɓacewa. Ko Allah yana karɓar rabi?"

Ta mayar masa: "Yana karɓa. Baba ne ba ya karɓa, kuma ranar Asabar zai tambaye ka."

Daga nan tambayoyin darasi suka riƙa raguwa, gaisuwa na ƙaruwa. Ya raɗa mata suna Barkono saboda saurin fushinta, ita kuma ta ce masa Sanyi, don ba ta taɓa jin ya ɗaga murya ba. Yakan rako ta daga makaranta har bakin layinsu ya juya. Ita ta koya masa jan rosari, wato carbin addu'a na coci, shi kuma ya koya mata, ba tare da ya sani ba, cewa ana iya yi wa mutum wulakanci ya kwana bai ƙulla kowa a zuciya ba. Wannan darasin ne ya ƙi shigarta.

Wata Lahadi, da aka zo wurin da ake miƙa wa juna hannun salama, matar shugaban kwamitin coci ta juyo da fara'arta ta miƙa hannu. Da ta ga Dogo ne sai ta janye, ta goge tafin a zaninta, alhali ko taɓa shi ba ta yi ba. Auta na kallo daga bencin mawaƙa. Sauran ibadar ba ta ji komai ba, jininta tafasa kawai yake yi. Ana fitowa ta nufi matar, Dogo ya sha gabanta ya roƙe ta don Allah ta bari. Ta ce wace irin salama ce ake goge ta a zani? Ya ce matar tsoron mutuwa take ji, ba shi take ƙi ba, kuma ya ga wannan tsoron a fuskoki da yawa. Auta ta ce shi ya sani, ita dai ba ta yafe ba tukuna.

Bayan an yi masa baftisma da wata biyu, ya turo kawunsa wurin Katakis. Auta na ɗaki tana ji. Mahaifinta ya karɓi baƙon da mutunci, ya yabi yaron, ya ce a duk ɗaliban da ya koyar bai ga mai natsuwarsa ba. Daga nan ya ce amma maganar aure daban ce, a ba shi lokaci. Duk wanda ya san Katakis ya san abin da "a ba ni lokaci" ke nufi.

Baƙon na fita Auta ta fito. Mama ta yi mata alama da ido, ta yi kamar ba ta gani ba.

"Baba, da hannuna na rubuta maka ayyukan jinƙai bakwai a allo. Na bakwai shi ne binne matattu. Kai ka ce in ja masa layi."

"Na faɗa, kuma ban janye ba," in ji shi. "Amma wa zai ci abinci a gidanku? Yaranku fa, da wane suna za a kira su a makaranta?"

"Wato a allo aikin jinƙai ne, a gidanmu abin kunya."

Katakis ya ce ta fita masa daga gaba. Mama ta bi ta ɗaki tana cewa bakin nan nata wata rana zai yanka ta. Gwaggonta da ta ji labari ta zo takanas ta ce ita ko ruwa ba za ta sha a hannun mutumin ba. Auta ta tambaye ta, ranar da ta mutu wa take so ya wanke ta, ko ɗan mai kantin magani? Gwaggo ta yi sati biyu ba ta amsa gaisuwarta.

Ɗan mai kantin maganin nan ya daɗe yana zagaye. Shi ke karatun Littafi ranar Lahadi, da murya mai daɗi da takalmi mai ƙyalli, kuma iyayen Auta na son sa. Da ya ga ba ta kula shi, sai maganganu suka fara yawo: wai Dogo ba don Allah ya karɓi baftisma ba, don 'yar Katakis ne, wai har zobban matattu yake zarewa. Auta ta bi diddigin maganar baki zuwa baki har ta kai ta kantin magani. A gaban masu sayen magani ta ce masa bakin da ke karanta maganar Allah da safe bai kamata ya riƙa yanka naman mutane da yamma ba. Bai sake biyowa ta layinsu ba.

Sai kuma Dogo ya ɓace. Lahadi uku a jere ba ta gan shi a coci ba. Idan ta kira sai ya ce aiki ya yi yawa. A ta huɗun ya turo mata saƙo:

"Barkonona, ki yi haƙuri da ni. Ba na so in zama sanadin da za ki rabu da mahaifinki. Ki yi masa biyayya. Ina yi miki addu'a kullum."

Ta karanta sau uku. Ashe gaskiyar mutane ce? An hana shi mace ya bar coci? Ita da ta ɓata da gwaggonta, ta yi faɗa a kanti saboda shi? Ta rubuta masa: "Riƙe addu'arka. Wanda ya daina zuwa gidan Allah don an hana shi aure, me zai roƙa mini?"

Bai amsa ba. Washegari da aka tashi daga makaranta ta wuce asibiti, don ita ba a yi mata shiru. A doguwar barandar da ke kaiwa ɗakin ajiye gawa ta ci karo da tsohuwar sistar, wadda ta gane ta tun kafin ta faɗi ko wace ce. Sistar ta ce Dogo bai taɓa fashin ibada ba, kullum da safe yana ɗan ɗakin addu'a na asibiti kafin ya kama aiki. Katakis ne ya kira shi gefe ya roƙe shi ya ɗan nisanci cocinsu har yarinyar ta huce, shi kuma ya ce ba zai iya musa wa wanda ya koya masa addu'a ba.

Dogo ya fito yana cire safar hannu. Da ya gan ta ya tsaya cak.

"Na zalunce ka, Sanyi," in ji ta. "Amma kai ma ka zalunce ni. Da ni za ka yi shawara, ba a kaina ba."

"Gaskiyarki ne," ya ce. "Na saba da waɗanda ba a tambayarsu ra'ayi."

Tana hawaye tana dariya ta ce masa wannan ya zama na ƙarshe.

Fushinta ya koma kan mahaifinta gaba ɗaya. Korar mutum daga coci, a ce Katakis ne ya yi? Ta daina riƙe masa jaka, gaisuwa ma sama-sama. Ranar da ta je furta zunubi ta zazzage wa Fada, limamin cocinsu, komai, rabi tuba rabi ƙara. Ya bar ta ta gama, sannan ya ce abin da ya fusata ta ya cancanci fushi, kuma shi da kansa zai yi magana da Katakis a kan hana mutum zuwa coci. Amma tsoho mai ciwon gwiwa da ke jan jaka shi kaɗai ba hujja ba ne a muhawara, mahaifinta ne. Ya ce ta koma ta riƙe masa jakarsa. Ta fito tana ƙunƙuni, amma ranar Asabar ta ɗauki jakar.

Maganar Fada ba ta yi wa Katakis daɗi ba. Wata Laraba ya sa rigarsa ta fita ya ce zai je asibiti ya kashe maganar nan da bakinsa. Bai dawo ba sai yamma lis, takalmansa da ƙafar wandonsa duk jar laka. Ya zauna a kujerarsa ya ba Mama labari, da ƙarfin da ya san Auta za ta ji daga ɗaki.

Ya tarar za a binne wani tsoho da ya mutu a gadon asibiti, wata biyu ba wanda ya zo nemansa. Dogo ya yi masa wanka, ya aske masa gemu, ya taje masa kai, yana yi yana masa magana a hankali yana kiransa Baba. Sista ba ta da lafiya ranar, ba mai yin addu'a. Da Dogo ya ga Katakis a bakin ƙofa bai tambayi abin da ya kawo shi ba, sai ya ce Allah ne ya turo shi, ko zai taimaka ya raka su? Su uku ne a bakin kabarin, har da direban motar asibiti.

"Na yi jana'iza ta fi ɗari," in ji Katakis. "Ban taɓa zuwa wadda ba mai kallona ba sai yau."

Mama ta tambaye shi ko ya faɗi abin da ya kai shi. Ya ce bai samu wuri ba.

Bai sauko a ranar ba, don Katakis ba ya saukowa a rana ɗaya. Sai da aka yi sati uku, suna hanyar dawowa daga aji, ya ce da Auta, yana kallon gabansa, ta gaya wa yaron nan ya dawo cocinsu, kuma kawunsa na iya dawowa. Ta durƙusa a gefen titi da jakar a hannunta ta ce ya yafe mata kalaman da ta faɗa masa. Ya ce kalaman ba su da ladabi, amma ba ƙarya a cikinsu, ta tashi mutane na kallo.

Da yamma ta tura saƙo: "Sanyina, goge farar rigarka. Baba ya ce ka dawo."

Ya amsa: "Tun jiya take a goge, Barkonona. Kullum nake goge ta."

An ɗaura auren wata Asabar da safe. Wasu manyan coci ba su zo ba, kuma Auta ta lura da kowane ɗayansu, ta ce a ranta wannan ma sai ta kai shi wurin Fada. Amma wurin bai yi kama da an rasa kowa ba: masu shara na asibiti, direbobi, nas-nas, da iyayen yaran ajinta sun cika shi har baya. Gwaggo ta zo a makare, ta zauna tana cika tana batsewa, daga baya aka gan ta tana share ido da bakin mayafi.

Da aka fito, Katakis ya miƙa wa Mama sandarsa, ya ɗora hannu ɗaya a kan 'yarsa, ɗaya a kan Dogo, wanda sai da ya durƙusa sosai kafin hannun ya kai.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu jin ƙai," ya ce. "Ya sa gidanku ya zama inda ba a korar kowa. Kai kuma ɗana, Allah ya ƙara maka haƙuri, don ka ɗauko aiki."

Jama'a suka amsa da amin cikin dariya. Auta ta buɗe baki za ta kare kanta, Dogo ya matse hannunta a hankali, sai ta haƙura ta ce amin tare da kowa.