Muryar Auta a Shafin Wata

Ranar da ya fara shigowa gidan kula da tsofaffin, Auta tana durƙushe a falo tana yanke wa wani dattijo farcen ƙafa. Tsohon direba ne, kuma ba ya yarda kowa ya taɓa ƙafar nan sai ita. Ta ɗaga kai ta ga saurayi tsaye da jaka a kafaɗa, yana neman inda zai taka don an goge ƙasa bai bushe ba. Ta ce ya bi ta gefen bango. Ya bi, amma idonsa na kanta, har ya yi karo da keken wata tsohuwa.

"Ɗana, hanyar tana gabanka," in ji tsohuwar, "ba a fuskar yarinya take ba."

Falo ya ɗauki dariya. Auta ta sunkuyar da kai kamar farcen nan ne kaɗai a duniya.

Shi ne jami'in horo da aka turo ya koya wa ma'aikata sabuwar manhaja. Ƙa'idar aikin ita ce kowa ya cika awa talatin na ƙarin ilimi a shekara, in bai cika ba, ba za a sabunta masa lasisin aiki ba. Da can a takarda ake sa hannu. Yanzu an ce a waya: in ka je kwas, ko nas ta nuna maka wani abu, sai ka buɗe shafinka, ka danna awa nawa ka yi, ka rubuta ko ka faɗa da baki abin da ka koya. Tun ranar ma'aikata suka sa masa Malam.

Da ya nemi wadda za a yi gwaji da ita, 'Yar Kwalisa ce ta yi wuf ta miƙe. Abokiyar aikin Auta ce, ta fi kowa turare, ta kuma fi kowa iya ɓacewa in lokacin canza kunzugu ya yi. Malam ya ɗauko wayar gidan, wadda ake ajiyewa a aljihun teburin nas, ta sa sunanta da lambar sirrinta, ya nuna wa kowa yadda ake yi.

Bayan an watse Auta ta matso ta ce a hankali wayarta tsohuwa ce, ba za ta ɗauki manhajar ba. Ya ce ba komai, ta riƙa amfani da ta gidan. Da ya tsaya ya ce mata ta fara fita daga shafin waccan ta shiga nata, da an huta. Bai faɗa ba. Hankalinsa na wurin yadda zai karɓi lambarta.

Washegari da safe saƙonsa ya shigo.

"Barka da asuba. Na zo koyar da mutum ashirin jiya, na koma gida da fuskar mutum ɗaya. Ki ce wa tsohuwar keken nan gaskiyarta ce."

Ta karanta sau huɗu kafin ta amsa.

"Malam, ka dai riƙa kallon hanya. Tsofaffina ba su da ƙashin da za a sake ɗorawa."

Haka aka fara. Yakan zo gidansu da yamma su zauna a barandar ƙofa, Goggonta da ta raine ta tun rasuwar mahaifiyarta tana ciki ta bar taga a buɗe, wai don iska. Yana kiranta Sanyina. Ita ta ƙi sa masa wani suna, ta ce Malam ɗin ya ishe shi, sai dai yadda take jan sunan a bakinta ya fi kowane suna daɗi.

A wurin aiki kuwa ba ta wasa. Duk kwas ɗin da aka kawo tana gaba. Ta koyi juya mai shanyewar jiki ba tare da ta karya bayanta ba, ta koyi gane gyambon kwanciya tun fata na ja, ta koyi magana da wanda mantuwa ta kama. Kowane lokaci sai ta ɗauko wayar gidan, ta tarar manhajar a buɗe, ta danna awa, ta danna hoton makirufo ta ce, "Auta ce ke magana," ta faɗi abin da ta koya. Alama koriya ta fito, ta mayar da wayar aljihun tebur da farin ciki. Na'ura ke ƙirgawa, ba mai saurare.

Da Malam ya kai maganarta gida, mahaifiyarsa Hajiya ta tambayi aikin yarinyar. Ya faɗa. Ta ce wato mai wankin kashin tsofaffi. Duk karatunsa, duk 'yan matan gari, sai ya rasa wadda zai kwaso sai 'yar aikatau. Ya ce aiki ne mai lasisi da horo kamar na asibiti. Ta ce to ta gani a ƙasa.

Haka mutane suke. Kowa na so ya tsufa a hannu mai taushi, amma ba mai son hannun ya shigo gidansa da aure.

Wata goma da zuwan manhajar aka manna takarda biyu a allon sanarwa. Ɗaya hoton 'Yar Kwalisa ne, gwarzuwar shekara, awa arba'in da bakwai. Ɗayar sunayen waɗanda ba su cika ba, an ba su mako biyu ko su ajiye rigar aiki. Sunan Auta ne a sama, gabansa sifili.

Ta tsaya gaban allon da tiren magani a hannu. 'Yar Kwalisa ta wuce ta bayanta ta ce ayya, wasu soyayya ta hana su karatu. Kafin la'asar hoton takardar ya isa wayar Hajiya. Ba sai an tambayi wa ya tura ba, don kowa ya san 'Yar Kwalisa ta daɗe tana kai wa Hajiya gaisuwa saboda Malam.

Malam ya zo da yamma fuskarsa ba walwala. Ya ce ya buɗe shafinta da kansa, fayau yake, ko shiga ba a taɓa yi ba. Ta ce ta yi, kullum tana yi. Ya ce in abin ne ya yi mata wuya ai da ta gaya masa, ba abin kunya ba ne.

"Wato ƙarya nake yi."

"Ban ce ba, Sanyina."

"Ba ka ce ba. Ka dai yarda da waya ka bar ni."

Ta shige ciki. Saƙonsa ya biyo ta.

"Ki yi haƙuri. Ni ko sifili ɗari ne a gaban sunanki ke nake so. Za mu cike awannin tare."

Wannan saƙon ya fi maganar ciwo. Ba cikewa take nema ba, abin da ta yi take nema. Kwana uku ba ta amsa ba.

Goggo ba ta taɓa zama a aji ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa. Ta zaunar da Auta ta ce ta faɗa mata komai dalla-dalla, kamar ana gaya wa kurma. Da ta ji, sai ta tambaya wa ya fara taɓa wayar nan ranar gwaji. Auta ta faɗa. Ta sake tambaya hoton wa aka manna a bango. Auta ta faɗa, sai a lokacin ta lura suna ɗaya ta faɗa sau biyu.

"Yafa mayafinki," in ji Goggo.

Sun tarar da Manaja a ofis, Malam na gefe da kwamfuta a cinya. Manaja ta fara bayanin cewa tsarin ba ya kuskure, komai a rubuce yake. Goggo ta ƙi kujerar da aka miƙa mata.

"Ni ban iya karatu ba, 'yata, amma ina da kunne. Yarinyar nan tana dawo min gida bayanta a sage, hannunta duk warin maganin wanki, ku ce min sifili. Wata kuma farcenta ya fi na shaho tsawo, kun manna ta a bango. Da wannan farcen take juya tsofaffin? Magana aka zuba a wayar nan. A kunna min."

Manaja ta ce shafin ma'aikaci sirrinsa ne. Malam ya ce duba abin da ake shigarwa aikinsa ne, doka ta ba shi, shi ne dai bai yi ba. Aka kira 'Yar Kwalisa. Ya buɗe shafinta a gabanta ya danna saƙon murya na farko.

"Auta ce ke magana. Yau na koyi cewa in tsoho ya ƙi abinci kada a ce taurin kai ne. A fara duba bakinsa. Na duba na wani, ashe haƙoran roba ne suka ci masa dasashi."

Ya danna na biyu. Auta ce ke magana. Na goma, na talatin, duk Auta ce ke magana. A cikin awa arba'in da bakwai, biyar ne kacal na mai hoton.

'Yar Kwalisa ta ce ita fa ba ta lura ba. Goggo ta tambaye ta ko da aka ɗauke ta hoto ma ba ta lura ba. Manaja ta fita da kanta ta ɓare takardun biyu daga allo.

Malam ya rufe kwamfutar ya miƙe, ya ce a gaban kowa laifin daga wurinsa ya fara: shi ya bar shafin a buɗe, shi ya tura Auta ga wayar, shi kuma ya yi shakkarta. Zai rubuta haka a rahotonsa da sunansa. Goggo ta dube shi sama da ƙasa ta ce to, yanzu ya fara kama da mijin aure.

Kafin mako ya fita an mayar wa Auta awa arba'in da biyu, lasisinta ya fito. An sauya 'Yar Kwalisa zuwa wani gidan da gargaɗi a fayil ɗinta. An kuma gyara manhajar, yanzu sunan mai shafi na fitowa ɓaro-ɓaro kafin a danna komai.

Saura Hajiya. Malam ya nemi izinin Auta ya kunna mata guda ɗaya. Ta ce ya zaɓa.

Ranar Asabar da hantsi Hajiya ta yi sallama a ƙofar su Auta, ita kaɗai. Auta ta durƙusa ta gaishe ta. Hajiya ta daɗe tana kallon hannayenta. Ta ce ɗanta ya kunna mata wanda ake maganar sa matashi tsakanin gwiwoyi in an kwantar da mutum ta gefe.

"Shekara shida na yi ina jinyar mahaifiyata," ta ce. "Ba wanda ya nuna min wannan. Gyambo ya cinye mata ƙugu ina kallo, ina zaton sakacina ne. Kuma ba wanda ya taɓa rubuta min ko minti ɗaya. Har na koyi raina aikin, don ni ma an raina min shi."

Goggo, da ta shirya faɗa tun da ta ji sallamar, ta rasa inda za ta ajiye shi. Ta tashi ta ɗora shayi.

Hajiya ta kama hannun Auta ta ce ta yafe mata kalmar da ta faɗa. Ta ce in tsufa ya kwantar da ita, wannan hannun take roƙon Allah ya same ta.

An ɗaura aure bayan wata biyu. Gidan tsofaffin ya ba da motarsa, aka kawo mutum shida a kekunansu aka jera su a gaba. Tsohon direba ya sa takalmi a karo na farko cikin shekara. Tsohuwar keken nan ta kira ango ta ce yau kam ya kalli fuskar son ransa, hanya ta ƙare.

Ana tsaka da gaisawa da baƙi wayar Auta ta yi motsi. Sabuwa ce, mai ɗaukar manhaja.

"Sanyina, na duba sunan da ke sama kafin in danna komai. Naki ne. Na shiga, kuma ba ni da niyyar fita."

Ta ɗago ta hango shi can cikin abokansa yana yi kamar ba shi ba. Ta rubuta:

"Auta ce ke magana. Yau na koyi cewa Malam ma yana koyo."

Goggo da Hajiya na zaune kafaɗa da kafaɗa, suka ɗaga hannu tare. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai jinƙai. Allah ya sa su tsufa tare, ya kuma ba su mai juya su da tausayi, wanda ba za a danne masa haƙƙinsa ba. Tsofaffin da ke gaba su suka fi kowa ɗaga murya da amin.