Tikitin Mutanen Ƙauye

Takalma ne suka tarbi Sufeto a ƙofar zauren wasanni. Silifas, takalman yara, wani sau-ciki na mata ƙafa ɗaya, duk a warwatse kamar an zazzage buhu. Mai shara har ya fara tara su gefe.

"Ajiye tsintsiyar nan," in ji Sufeto. "Wa ya sa ka?"

"Manaja ne, yallaɓai. Ya ce akwai wani wasan ranar Asabar."

Sufeto ya dubi ƙofar. Jiya da la'asar, a wannan ƙofa, turmutsutsu ya kashe wata mai ɗinki da ta zo daga ƙauye kallon 'yan wasan barkwanci. An matse ta da ƙyauren ƙarfe har numfashinta ya ɗauke, tikitinta na hannunta. Ko kwana ba ta cika ba, ga shi ana sharar wuri don wasa na gaba.

Ya tsuguna ya tsinci tikiti biyu a ƙasa. Takarda ɗaya, bugu ɗaya. Ya juya bayansu. Ɗaya da hatimi, ɗaya babu.

"Mai hatimin shi ne na gaske," in ji Sajan, wanda ke tsaye bayansa yana hamma. "Maras hatimin jabu ne, shi mutanen ƙauye suka zo da shi. Ai an gama aikin, yallaɓai. Mai sayar da su yana hannunmu tun jiya."

Wanda ke hannunsu shi ne Mai Lasifika. Ƙauyukan da ke bayan tsauni rediyo ba ya kai musu, waya kuwa sai mutum ya hau tudu ya ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa. Duk abin da za a yi a gari, wasa ne, ƙwallo ne, rigakafi ne, Mai Lasifika ke kai labarinsa, a kan tsohon babur da lasifika ɗaure a baya. Shekara da shekaru haka ake, kuma babu wanda ya taɓa ganin abin kunya a ce mutum ɗaya da babur ɗaya su ne kunnen dubban jama'a.

Sufeto ya same shi a rakuɓe a sel, ido ɗaya a kumbure. Jama'a sun yi masa dukan kawo wuƙa kafin 'yan sanda su ƙwace shi.

"Kai ka sayar da tikitin nan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ina ka buga su?"

"Ni? Ko sunana ba na iya rubutawa. Manaja ke ba ni, a ɗaure da roba. In na dawo in miƙa masa kuɗi, ya ba ni na mai."

"Kana da shaida?"

"Shelar kanta shaida ce. Ba da bakina nake yi ba, maƙogwarona ya daɗe da mutuwa, kana jin muryata ai. Manaja ke ɗauka a katin memori, in sa a lasifika. A ciki yake cewa a sayi tikiti a hannuna."

Sufeto ya sa aka fito da lasifikar daga ɗakin ajiyar kayan shaida. An rotsa mata baki, wayoyi a waje. Ya laluba ramin katin da ɗan yatsa. Babu komai.

"Wa ya kawo ta nan?"

"Manaja da kansa," in ji Sajan. "Mutumin kirki, har a motarsa ya ɗauko ta."

Kafin Sufeto ya ce wani abu, Difi'o ya leƙo daga ofishinsa, kofin shayi a hannu.

"Gobe da safe a kai shi kotu. Gari ya ɗau zafi, jama'a suna son ganin wani a gaban alƙali."

"Yallaɓai, ban gama bincike ba."

"Ya ce shi ya sayar, ko bai ce ba? To me kuma kake nema?" Ya ja ƙofarsa.

Ofishin Manaja yana saman zauren, da fanka da labule mai kauri. A bango akwai babban hotonsa tun yana saurayi, riƙe da makirfo, ya karkata kai.

"Ka taɓa aikin rediyo?" in ji Sufeto.

"Saura ƙiris," in ji Manaja, yana murmushi. "Suka ce wai ina fito in na yi magana. Hassada ce kawai."

Gaskiyarsu ce. Wushiryarsa tana da faɗi, kuma duk kalmar da ya faɗa sai wani siririn fito ya biyo ta.

"Kana ba Mai Lasifika tikiti?"

"Allah ya kiyaye! Tikitinmu a taga kaɗai ake sayarwa, da hatimi. Shi dai mukan gaya masa rana da lokaci, ya je ya yi ta ihunsa."

"Da bakinsa?"

"To da bakin wa?"

"Ya ce kati kake ba shi."

"Ɗan uwa, wanda ruwa ya ci ai komai ya samu kamawa zai yi. Kun ga kati a lasifikar?"

Sufeto ya miƙe. Bai gaya wa kowa ya duba ramin katin ba, sai Sajan. Amma zargi ba ya fitar da mutum daga sel.

Da azahar suka kama hanyar ƙauyen marigayiyar. Motar tana tafiya sumul a kan sabuwar kwalta, Sajan yana tuƙi da hannu ɗaya.

"Kai, gwamnati ta yi abin kai a nan," in ji shi. "Watan jiya fa aka buɗe ta. Da, in ka biyo hanyar nan sai ka yi jinyar ƙugu. Shi ya sa ko wasa ake yi, mutanen nan sai an kusa tashi suke isowa, a galabaice. Mu ce musu wuri ya cika, su juya."

Sufeto ya waiwayo a hankali. "Da tikiti a hannunsu?"

"To, ai sun makara, yallaɓai."

"Kun taɓa juya bayan tikitin kun duba?"

"Wa zai duba tikitin wanda ya makara?"

"Kuma ba wanda ya taɓa kawo ƙara?"

Sajan ya yi dariya. "Wajen wa? Mu ne fa a ƙofar."

Sufeto ya mai da fuskarsa ga taga. Wato shekaru ke nan ana sayar wa mutane kujerun da babu su, an dogara ga ramukan hanya su riƙe su. Kowa ya gani, kowa ya ɗaga kafaɗa. Jiya ne karon farko da suka iso a kan lokaci, su duka, suka tarar da zaure a cike.

Yayar marigayiyar ta karɓe su a ɗakin ɗinkin. Keken yana rufe da zani, wata riga rabin ɗinki tana rataye a ƙusa.

"Kun kama tsinannen?" in ji ta. "Mutumin da muke ba ruwa ya sha a gidan nan! Baba yana ce masa ɗana."

"Yana hannunmu. Shelar da yake yi, kin tuna abin da ake cewa?"

"In tuna? Ai Auta ta ishe mu da ita. Ranar da ya zo ta bi shi har bakin kasuwa tana ɗauka a wayarta. Tana ɗinki tana kunnawa, tana wanki tana kunnawa. Na ce, ke Auta, in kin je wasan nan sai ki auri lasifikar ki huta." Ta janyo aljihun keken, ta fito da wata 'yar waya mai fasasshen gilashi. "Rabin garin nan ma a wajenta suka tura. Haka muke yi, in abu ya shigo waya ɗaya ya shiga duka."

Ta danna. Kiɗa ya tashi, sannan murya mai amo, cike da jin kai.

"Jama'a, ku saurara! Sarakunan dariya sun sauka! Kada ku wahalar da kanku zuwa taga, ku sayi tikitinku a hannun mai wannan babur, wakilinmu ne, amintaccenmu ne!"

Bayan kowace kalma, siririn fito.

Sajan ya cire hularsa ya sosa kai. Sufeto ya karɓi aron wayar, suka dawo gari.

Manaja yana duba sabuwar fostar ranar Asabar lokacin da Sufeto ya ajiye wayar a kan teburinsa ya danna. Fuskarsa ta fara sakin murmushi da jin muryar, kafin ya tuna. Sai murmushin ya bushe.

"Kati ɗaya ka cire," in ji Sufeto. "Wannan tana cikin wayoyin ƙauye guda. In tara maka su?"

Manaja ya zauna jagwab. "Wallahi ban yi nufin kowa ya mutu ba."

"Me ka yi nufi?"

"Ba sa zuwa da wuri! Ba su taɓa zuwa da wuri ba! Haka na tarar ana yi, wanda na gada ma haka yake yi. Ba su taɓa cewa komai ba, sai su ce Allah bai nufa ba, su koma. Ni na san za a gama hanyar nan? Shekara nawa ana alkawari?"

"Ka san an buɗe ta."

"Na sani. Na ɗauka sun saba da makara."

"Shi kuma da ka bari a sel?"

Manaja ya sunkuyar da kai. "Na ce in ƙura ta lafa zan nema masa lauya."

Sajan ya sa masa ankwa, ya sauko da shi ta gaban tarin takalman. Ma'aikatan zauren suka bi su da kallo, sannan ɗaya ya tambayi ɗan uwansa ko wasan Asabar yana nan.

Difi'o ya sa hannu a takardar sakin ba tare da ya ɗago ba. Da yamma aka fito da Mai Lasifika, aka miƙa masa makullin babur da gawar lasifikarsa. Ya rungume ta a ƙirji kamar jariri.

"An wanke ka," in ji Sufeto. "Ka tafi gida."

"Wane gidan, ranka ya daɗe? Matata ta aiko, an jefe mana rufi, ta kwashe yara ta gudu wajen yayanta. A can duk ni ne na kashe Auta. In na shiga da babur ɗin nan, ba zan fito ba."

"Yayarta ta ji muryar. Ta san ba taka ba ce."

"Ai da ma sun san ba tawa ba ce. Hannuna suka sani, shi ya karɓi kuɗinsu. Kuma ƙauye ɗaya ka je. Sauran fa?"

Sufeto ya waiwaya. Ya dubi ofishin Difi'o, an riga an kashe fitila. Ya dubi Sajan, yana ta goge gilashin mota.

"Zan sa a faɗa a rediyo," in ji shi. "Da sunanka, da komai."

Mai Lasifika ya dube shi da idonsa ɗaya mai gani, ba fushi, ba raini.

"Rediyon ba ya kai can, ranka ya daɗe. Shi ya sa ake aika ni."

Ya ɗaure fasasshiyar lasifikar a bayan babur, ya tura shi da hannu zuwa bakin titi. Can ya tsaya, ya dubi dama, ya dubi hagu. Har Sufeto ya koma ciki, bai tayar da injin ba.