Sakatar Ɗakin Malam Barau

A motar Birnin Kudu zuwa Gwaram suka haɗu. Direba ya kunna labarin nan da ake karantawa a rediyo, na attajirin da aka tsinci gawarsa a ɗaki, an sa sakata ta ciki, ko taga babu. Mota ta kaure da gardama. Wata tsohuwa ta ce aljanu ne, a bar maganar.

"Zare ne," in ji Munzali. "Ka ɗaura wa sakata zare, ka fito, ka ja ta waje."

Budurwar da ke gefensa ta tuntsire da dariya. "Malam, ka taɓa gwadawa?"

Kafin a sauka ya san sunanta Mas'uda, ya karɓi lambarta, ta kuma saka shi a gurup ɗin masu bin labarin.

A gurup ɗin ciwon kishi ya soma. Akwai wani Abdulnasir mai shagon waya, wanda ya dage cewa makashin bai fita ba, bayan ƙofa ya laɓe, da aka ɓalle ta ya saje da jama'a. Da ya yi magana sai Mas'uda ta rubuta: "Kai Abdulnasir, Allah ya yi maka ƙwaƙwalwa!"

Munzali ya tura mata saƙo: "Sanyin idona, ni ba ni da ƙwaƙwalwar ke nan?"

Ta amsa: "Kana da ita mana, masoyi. Zare ne ya cika ta."

Ranar Juma'a ya je zance gidansu da zare a aljihu. A zaure akwai tsohon ɗakin da babanta, Malam Barau, ke ajiye hatsi. Munzali ya ɗaura, ya fito, ya ja. Ƙaras! Sakata ta shiga, zaren ya tsinke.

"Kira Abdulnasir ɗinki ya zo ya gani!"

"Na gani. To buɗe."

Wannan kam bai taɓa tunaninsa ba. Ga shi an yi ruwan shuka, irin geron gidan kaf yana ciki. Malam Barau ya dawo masallaci, ya tura ƙofa, ya dubi Munzali sama da ƙasa.

"Mai wannan hankalin zan ba 'yata? Kada in ƙara ganin ƙafarka a nan."

Washegari sai ga Munzali da kafinta. Aka cire ƙofa, aka gyara, shi kuma ya saɓa kwaryar iri ya bi tsohon gona ba tare da an gayyace shi ba. Bayan an gama shuka ne Malam ya ce wa matarsa, "Wauta gare shi, amma ba ya gudu. Ya turo manyansa."

Mas'uda ta rubuto: "Don ka ji haushi nake yabon Abdulnasir. Kullum ka zo zance, sakata, sakata. Ni fa?"

Ana gobe ɗaurin aure aka karanta ƙarshen labarin. Makashin bayan ƙofa ya laɓe.

Ana shafa fatiha Abdulnasir ya kutso cikin jama'a, baki har kunne. "Ango, ka ji? Maganata ta fito!"

Munzali ya gyara zaman hularsa. "Na ji, ka ci labari. Je ka riƙe shi da kyau, ni zan shiga in gaida surukina."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Gurup ɗin dai, Munzali ya sa ta fita daga ciki.