Jeren Sifiku a Ɗakin Ikilima

"Gwaggo, ku sauko min da su!"

Duk matan da ke falon suka waiwayo a tare. Wata ta saki labulen da take ratayewa, wata ta tsaya da kwano a hannu, baki buɗe.

Ikilima ce tsaye a bakin ƙofa.

Amarya da kanta!

Ƙafafunta ɗaure cikin leda, lallen hannunta ko gama bushewa bai yi ba, hijabinta ya karkace saboda iskar babur tun daga Gwangwan har cikin Karaye.

Gwaggo Lauratu, ƙanwar mahaifinta, wadda ta jagoranci 'yan jere, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ikilima? A gidan miji tun ba a ɗaura ba?"

"Ni ce, Gwaggo. Ina wuninku."

"Ba mu wuni ba! A ina kika taɓa jin amarya ta zo jeren ɗakinta? Uwarki ta yi ko kakarki?"

"Babu wadda ta yi... Ni dai ku sauko min da sifikun nan."

Ta nuna saman durowar gilashi. Can kuwa aka jera su reras, sifiku biyar, daga babba zuwa ƙarami, kowace an ɗora mata ɗan leshi a ka. Ita kuwa babbar mai duka, wadda ake ce wa wufa, an mayar da ita teburin ajiye furen roba. Tsakani da Allah jeren ya yi kyau. Matan Gwangwan ba sa wasa da jere, duk abin da ya shigo ɗakin amarya mai ƙyalli, to sai ya hau layi inda baƙo zai gani.

Sai dai Ikilima ba don idon baƙi ta sayi kayan sautin nan ba. Don mutum ɗaya ta saya, shi kuma ba ya gani.

Abdulmutalib ke nan, angon gobe.

A da shi ke da gidan kallo a bakin kasuwar Karaye, saurayi mai fara'a wanda in ya fara ba ka labarin fim sai ka rantse da shi aka yi. An riga an sa musu rana lokacin da batirin solar gidan kallon ya fashe masa a fuska. Aka yi ta zarya zuwa Kano, aka yi na asibiti aka yi na gida, daga ƙarshe likita ya ce sai dai haƙuri.

Tun daga nan dangin Ikilima suka fara ƙunƙuni. Mahaifinta, Malam Dalhatu, mutum ne mai magana ɗaya.

"Na riga na ba shi," ya ce. "Ba zan janye ba, sai dai in shi ya janye da bakinsa."

To, yau ya janye.

Ƙanwarsa Ummu Hani ce ta kira Ikilima a waya tana tsakiyar ƙunshi. Wai Yaya ya ce wa Kawu Tsoho da an sallame la'asar ya hau babur ya je Gwangwan ya ba Malam haƙuri, shi ya fasa.

Ikilima ba ta yi kuka ba. Hijabi kawai ta ja.

"Haba ƙanwata, mene ne na tayar da hankali?"

Mijinyawa ne ya sauko daga kan kujerar da ya taka yana kafa talabijin. Ɗan Gwaggo Lauratu ne, mai shagon kayan wuta a Rogo, a wurinsa aka sayi kayan. Ya daɗe yana sonta, ita kuma ta daɗe tana gaishe shi daga nesa.

"Ai na haɗa komai," ya ce yana murmushi. "Ki kunna fim a wayarki, ki tura ta bulutut, ƙara har maƙota. Wayoyin nan dogaye ɓata ado kawai za su yi, shi ya sa na jefa su can tsakar gida da kwalin."

"Ƙara na ce maka ina so?"

"To me ake nema a sifika in ba ƙara ba?"

Ta ƙura masa ido har ya kawar da nasa.

"Yaya Mijinyawa, jiya da ka kawo kaya, me ka gaya masa?"

"Wa?"

"Ka san wa."

"Ni gaisuwa kawai muka yi..."

"Ƙarya ne!" Ummu Hani ce ta faɗo daga tsakar gida, idanu jajur. "Ina bayan labule na ji ka! Ka ce masa duk Gwangwan an san tausayinsa take ji, wai kullum sai ta yi kuka a ɗaki, kunya ce kawai ta hana ta gudu!"



Gwaggo Lauratu ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ƙi kallon ɗanta.

"To ko ya faɗa, ƙarya ya yi? Ke yarinya ce, Ikilima. Kin san abin da ake nufi da zama da wanda sai an ja masa hannu? Allah ya kawo miki mafita cikin sauƙi, ki gode masa ki koma gida."

"Gwaggo, ki gafarce ni. Ban roƙi wannan mafitar ba."

Ta juya ga Ummu Hani.

"Ɗauko min kwalin. Ki zo da guduma da ƙusoshi."

Sai ta tsuguna a bakin ƙofa ta shiga kankare lallen hannunta da gefen dakali. Zanen da mai ƙunshi ta ɓata safiya guda tana yi ya koma jirwaye. Wata tsohuwa ta yi salati kamar an yi mutuwa, Ikilima ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ba yau ta fara wannan aikin ba. Tun da abin ya faru, ranar da Abdulmutalib ya ce mata ya daina sa fim domin yanzu duk hayaniya ce ke fitowa daga rami ɗaya, ta ɗaura wa abin aure. Ta ƙarar da data a kan bidiyon masu koyarwa, wasu ko yarensu ba ta ji sosai, hannunsu kawai take bi da ido. Ta fahimci cewa masu yin fim suna raba sauti ne gida-gida, na gaba daban, na gefe daban, na baya daban. In ka tura ta bulutut sai a dunƙule maka shi, in ka jera sifikun wuri ɗaya kuma ka ƙarasa kashe shi.

Ta fizge leshin ɗaya bayan ɗaya.

Ɗaya ta ajiye a ƙarƙashin talabijin, ta masu magana. Biyu ta raba su dama da hagu. Biyun ƙarshe ta hau kujera ta kafa su a bangon baya, daidai saitin kunnen mai zama, Ummu Hani na miƙo mata ƙusa. Wufa ta saukar ƙasa, furen roba ya koma kan taga.

"Ta ɓata jere!" wata ta ce. "Wayoyi ko'ina kamar shanya!"

"Za a ce dangin amarya ba su iya komai ba," wata ta ƙara.

"A ce," Ikilima ta amsa, ƙusa a baki.

Ta soka kebul ɗin HDMI daga talabijin zuwa uwar na'urar, ta jona talabijin da datar wayarta. Ta yi ta lalube cikin finafinan intanet, domin ba kowanne ke da irin sautin ba, har ta sami mai ɗauke da alamar 5.1, wato sifika biyar da wufa ɗaya. Ta shiga wurin zaɓin sauti ta danna shi, sannan ta jawo kujera ɗaya ta dasa a tsakiyar ɗaki.

"Kira min shi," ta ce wa Ummu Hani.

"Ya ce ba zai fito ba..."

"Ki ce masa in bai fito ba, ni zan shiga har ɗakin Innarku in same shi, a gaban kowa. Ya san zan iya."

Ya fito.

Hannunsa a kafaɗar ƙanwarsa, baƙin tabarau a fuska, ya rame har rigar ta yi masa yawa. Zuciyar Ikilima ta karye da ganinsa, amma ta danne. Yau ba ranar taushi ba ce.

"Kilima..." ya ce a hankali. "Me ya kawo ki? Kin san abin da za a ce?"

"Na sani. Zauna."

"Ki saurare ni. Wallahi don ina sonki ne. Ba zan iya mayar da ke 'yar jagora ba. Ki ƙare rayuwarki kina gaya min ga rami, ga ƙofa, ga abin da ke faruwa? Na san tausayina kike ji, kuma na gode, amma..."

"Tausayi?"

Muryarta ta ɗaga har ta kai tsakar gida.

"Mai tausayi kunu yake aiko maka da shi, ya yi maka addu'a daga gidansu! Dubi... a'a, taɓa!" Ta miƙa masa gefen hijabinta ya shafa ƙurar hanya. "Na hau babur da leda a ƙafa. Na zubar da kunyata a gaban gwaggonnina. Gobe duk Rogo da Karaye da ni za a karya kumallo. Tausayi ne ke sa mace haka, Mutalib?"

Ta matso kusa da shi.

"In za ka fasa, ka fasa. Amma ka buɗe baki ka ce ba ka sona. Kar ka laɓe a bayan idanunka, kuma kar ka laɓe a bayan maganar wani."

"Ba zan iya cewa haka ba..."

"To zauna!"

Ya zauna.

Ta danna rimot, sannan ta yi abin da ya ba kowa mamaki. Ta juya wa talabijin baya, ta zauna a ƙasa tana fuskantarsa.

"Ka ce ni zan riƙa gaya maka abin da ke faruwa. To ga shi ba na gani. Kai za ka gaya min."

"Kilima, wane irin wasa ne..."

Sai ruwa ya sauko.

Ya fara da yayyafi a gaba, ya bazu dama da hagu, ya zagayo ta baya, har ɗakin ya zama kamar an yaye rufinsa. Tsawa ta taso daga ƙasa ta girgiza kwanukan jere. Tsohuwar nan ta leƙa taga da sauri, ta ga rana fayau.

Abdulmutalib ya daskare.

Can wani abu ya yi ƙara a bayansa, ya waiwaya da sauri ta hagu.

"Wa ya buɗe ƙofa?"



"A'a... a cikin fim ɗin ne." Ya gyara zama, ya karkata kai. "Ƙofar katako ce, tsohuwa. Wani ya shigo. Mace ce, takalminta mai tsini ne. Tana zagayowa... ga ta nan ta dama. Ta tsaya."

"Wallahi ta tsaya!" wata daga cikin 'yan jere ta yi ihu, idonta a kan talabijin.

"Akwai wani a ɗakin," ya ci gaba, muryarsa na sauri. "Yana numfashi can a kusurwa, ba ta san da shi ba. Mota na zuwa daga nesa, ta wuce ta bayan gidan... ba ta wuce ba, ta tsaya! Kai, yarinyar nan ki fita! Ki fita mana!"

"Ki fita, 'yar nan!" Gwaggo Lauratu ta taya shi, ta manta fushi take yi.

Ikilima ba ta waiwaya ko sau ɗaya ba. Fuskarsa take kallo. Hannayensa sun tashi suna zana abin a iska, bakinsa ya buɗe da irin murmushin da ta yi zaton ya tafi tare da idanun. Wannan ne mutumin da ta sani, mai labarin bakin kasuwa. Hawayen da ta riƙe tun safe suka ƙwace mata.

Ya ji shessheƙarta a cikin duk wannan ruwan. Ya juyo daidai inda take.

"Kina kuka."

"Ina ruwanka? Ba ka fasa ba?"

"Kilimata..."

"Kar ka kira ni haka in ba aurena za ka yi ba!"

Daga masallacin unguwa ladan ya ɗaga murya, kiran la'asar. A zaure aka ji Kawu Tsoho yana turo babur, yana cewa a miƙo masa buta.

Mijinyawa ya riga ya sulale, babu wanda ya ga fitarsa.

Abdulmutalib ya miƙe tsaye. Ummu Hani ta matso za ta kama hannunsa, ya ɗaga mata hannu.

"Bari. Na ji inda yake."

Ya taka a hankali, ya laluba ƙofa, ya tsaya a bakinta.

"Kawu!"

"Na'am, ɗana? Yanzu zan kama hanya da na yi salla."

"Ka mayar da babur ɗin, Kawu. Sai gobe, mu tafi tare."

Guɗa ta ɓarke daga bakin tsohuwar da ta yi salati ɗazu. Sauran suka ɗauka.

Gwaggo Lauratu ta daɗe tana kallon 'yar wanta, zaune a ƙasa da leda a ƙafa da hannu duk jirwaye. Ta girgiza kai, ta share ido da bakin mayafi.

"Taurin kan Yaya Dalhatu ne, babu inda kika bar shi. Tashi mu tafi, mara kunya, a sake miki ƙunshin nan kafin mai lalle ta gudu."

Washegari bayan sallar Juma'a aka ɗaura auren Abdulmutalib da Ikilima a ƙofar gidan Malam Dalhatu. Da waliyyai suka gama, aka shafa fatiha, ango ya karkata kai wajen katangar gidan, inda mata ke ta hayaniya a ciki.

"Me kake saurare?" Kawu Tsoho ya tambaye shi.

Ya yi murmushi.

"Matata, Kawu. Ga ta can ta hagu, tana yi wa wani faɗa."