Garin Da Ba Zafi Ba Sanyi

"Ba zan je ba."

Cokalin da ke hannun Mama ya tsaya a iska.

Na tura ambulan ɗin da yatsa ɗaya zuwa gaban mijina. Minti biyu da suka wuce ya miƙe a gaban danginsa kaf, bakinsa har kunne, ya sanar cewa wata mai zuwa aurenmu zai cika shekara goma, kuma zai fita da ni ƙasar waje. Tikiti biyu, otal na kwana bakwai, da ɗan littafi mai hotunan garin. Kowa ya tafa. Ni ma na tafa, har sai da na buɗe littafin na ga gidaje a ƙololuwar duwatsu, gajimare na yawo a ƙasansu. A gefen hoton an rubuta da ƙananan baƙaƙe: mita dubu biyu da ɗari bakwai sama da teku.

"Zuma..." ya kira ni a hankali. "Me kika ce?"

"Na ce ba zan je ba, Injiniya."

Mama, mahaifiyarsa, ta ajiye cokalin ta share hannu, ba ta ko kalle ni ba. Ɗanta ta kalla, ta ce ai ta daɗe tana gaya masa, shekara goma ke nan yana ɗibar ruwa da kwando. A can ƙarshen tebur 'yar kawunsa ta sunkuyar da kai tana gyara zobe, amma na ga gefen bakinta yana motsi. Mai Tikiti duk dangi ke kiranta, saboda a ofishin shirya tafiye-tafiye take aiki. Ita Mama ta so ya aura tun farko. Kuma ita ta shirya wannan tafiyar.

Da magana ɗaya zan iya wanke kaina, amma sai na haɗiye ta.

Ina da ciwon sikila. Duk wanda ke falon ya sani, ba wanda yake faɗa. Lokacin da Injiniya ya kawo maganar aurena, Mama ta ce gadon asibiti zai auro, ba mata ba. Tun ranar na yi wa kaina alkawari ba za ta taɓa jin na ce "jikina ba zai iya ba". Na haifi yara biyu, ina aiki a ɗakin gwajin jini na asibiti, na sha yi mata hidima ƙashina yana sara ina murmushi. Gara a kira ni mai butulci da in ba ta wannan kalmar a faranti.

Muka kama hanyar gida. Yara suna bayan mota, ba wurin magana. Sai da muka shiga gida suka wuce ɗakinsu, ya rufe ƙofar kicin ya jingina da ita.

"Wata uku, Zuma. Wata uku kullum ina duba ma'aunin garin nan a waya. Digiri ashirin da biyu. Ba zafin da zai kayar da ke, ba sanyin da zai shiga ƙashinki. Me na yi ba daidai ba?"

Tausayinsa ya kama ni har na kusa yin dariya. Mijina mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne da firji, duk duniyarsa digiri ce. A gidanmu kowane ɗaki da ma'aunin zafinsa a bango, har banɗaki. In na ce ina jin wani iri, kafin ya kalle ni ya kalli bango. Da ya je wurin Mai Tikiti, abu ɗaya ya nema, garin da ba zafi ba sanyi, kuma shi aka ba shi.

Na zaunar da shi na tambaye shi, a matsayinsa na injiniya, me zai hana gari zafi alhali duk ƙasar da ke kewaye da shi tana tafasa.

Ya ce, "Tsayi."

Na ce to haka ne. A can sama iskar shaƙa kaɗan ce. Mai lafiya zai yi haki kwana ɗaya ya ware, ni kuwa jinina zai cushe a jijiyoyi. Da ƙafata zan sauka daga jirgi, amma ban san da me zan dawo ba.

Ya dubi hannayensa kamar an ce masa da su ya shaƙe ni.

"Ni... ni na saya miki wannan da kaina?"

"Ba ka sani ba, masoyi."

"Shi ke nan." Ya miƙe. "Ba inda za mu je. Ba bana ba, ba baɗi ba. Gida ya ishe mu. Nan na san komai, nan zan iya kula da ke."

Wallahi maganar Mama ba ta yi min ciwon da wannan ta yi ba. Shekara goma ban taɓa ƙetare iyaka ba. Ƙawayena suna zuwa suna dawowa da hotuna, ni ina cewa aiki ne ya riƙe ni. In wannan tafiyar ta rushe, to ta rushe har abada, kuma hukuncin Mama ya tabbata: matar ɗanta ba ta wuce gida da asibiti.

"Ni ba kaya ba ce da za ka ajiye a firji," na ce masa.

Ya buɗe ƙofa ya fita. Lahadi gaba ɗaya da gaisuwa kawai muka wuce ta.

Litinin da safe na nemi izinin awa uku a wurin aiki. Na fara da likitana, na fito da takarda a jaka, na wuce ofishin Mai Tikiti kai tsaye. Tana waya, ta yi min alama da hannu in jira. Ina tsaye sai idona ya faɗa kan kantar littattafan da ke jikin bango. Ga irin nawa nan, mai duwatsu da gajimare. Na zaro ɗaya na buɗe, na fito da nawa daga jaka.

Nasu shafi takwas ne. Nawa shida.

A tsakiyar nasu, cikin jan akwati, ga gargaɗi ƙarara: masu ciwon zuciya, masu ciwon huhu da masu sikila kada su zo sai da izinin likita.

Na jera littattafan biyu a kan teburinta. Ta kalle su, ta kashe wayar ba sallama.

Da farko ta ce kuskuren maɗaba'a ne. Na nuna mata bakin takardar da aka yage daga nawa, ya maƙale a jikin ƙarfen ɗinkin. Sai ta jingina da kujera ta harɗe hannu.

"Ke ma'aikaciyar asibiti ce. Na san za ki gane ki ƙi zuwa. So nake kawai ya gani da idonsa, ko tafiyar kwana bakwai ba za ki iya raka shi ba."

"Da ban lura da lambar tsayin garin ba fa?"

Ta sunkuyar da kai.

Ofishin manajansu yana nan bayan gilashi, taku biyar. Ta ga na kalle shi, ta san abin da shafin nan zai yi wa aikinta. Na ja kujera na zauna.

"Juyo da kwamfutar nan, ƙanwata. Yau za ki yi aikin da kika iya."

Na karanto mata sharuɗɗan likita da nawa. Gari a bakin teku, ƙasa-ƙasa. Zafi tsakanin ashirin da ashirin da shida, kuma kada dare ya juya wa rana baya. Jirgi ɗaya, ba canji, kada ya wuce awa biyar. Babban asibiti mai sashen jini a kusa da otal.

Ta fara bugawa. Gari na farko kyakkyawa ne, amma damina za mu tarar, na ce a wuce. Na biyu ya burge ni ƙwarai, sai ita da bakinta ta ce kar in yarda da matsakaicin da suka rubuta, ta taɓa tura mutane, da rana ƙuna da asuba ɗari. Na ɗago na kalle ta, ta kawar da kai. Na uku wani tsibiri ne, amma asibitinsa sai an shiga jirgin ruwa.

Na huɗu ƙaramin gari ne mai fararen gidaje da tashar jiragen kamun kifi. Watan da za mu je bazararsu ce. Ashirin da huɗu da rana, ashirin da dare, tafiyar awa huɗu, asibiti minti goma daga otal. Ta kira asibitin a gabana, suka ce suna karɓar masu irin ciwona.

"Wannan," na ce.

Ta canja tikitin ba gardama. Da ta miƙo min takardar sai ta riƙe gefenta, ta tambaya da ƙaramar murya ko zan gaya wa Mama.

"Ni ba zan faɗa ba. Ke za ki faɗa, kafin Asabar."

A shagonsa na sami Injiniya, ya shige bayan wani ƙaton firji rabin jikinsa ba a gani. Na ƙwanƙwasa ƙarfen. Ya leƙo, baƙin mai a goshinsa, idanunsa jajur.

Na miƙa masa takardun. Ya karanta ta likita sau biyu: in sha ruwa sosai a jirgi, in riƙa miƙewa ina takawa, kamfanin jirgin ya tanadi iskar shaƙa ko da za a buƙata. Ya duba tikitin. Ya duba taswirar asibitin. Sai ya girgiza kai.

"In wani abu ya same ki a can fa?"

"A nan bai taɓa samuna ba? Sau nawa ka ɗauke ni daga ɗakin da ka saita da hannunka?"

Ya runtse ido.

"Tsoro nake ji, Zuma. Tun ranar da na aure ki ban daina ba."

"Na sani. Ni ma ina ji. Amma ni na fi ka daɗewa da ciwon nan, na san halinsa kamar yunwar cikina. Shekara goma kana tambayar bango yaya nake. Yau ka tambaye ni."

Ya ajiye sifanar da ke hannunsa. Ya goge tafinsa a wando har sau uku kafin ya kama nawa.

"Yaya kike, rabin raina?"

"Ina son ganin teku."

Ya yi dariya, hawaye na gangarowa cikin baƙin man. Ya ce to ko a bayansa ne sai na gan shi.

Asabar muka koma gidan Mama. Mai Tikiti ba ta zo ba, amma daga yadda Mama ta kasa haɗa ido da ni na san ta cika umarni. Aka zuba abinci. Injiniya zai yi magana na taɓa gwiwarsa.

"Mama, ina da sikila," na ce. "Garin farko jikina ba zai iya ba, shi ya sa na ƙi. Na zaɓi wani da kaina, kuma ranar sha biyu ga wata za mu tashi."

Na faɗi kalmar da na ɓoye shekara goma, kuma rufin ɗaki bai faɗo ba.

Mama ta ajiye kofin shayinta. Ta ce, an so a cuce ni a gidanta ta hannun jininta, kuma na rufa musu asiri a gaban manaja, wannan ba ƙaramar mace ke yi ba. Ta ce a kawo mata yara tun ranar sha ɗaya, kuma kada wanda ya kira ta yana tambayar ko sun ci abinci, ta raini shida kafin mu san hanyar makaranta.

Ranar da aurenmu ya cika shekara goma cif, muna bakin teku.

Iskar garin kamar an tace ta. Mun fito tun safe, muka bi doguwar katangar tashar jiragen ruwa, masunta na sauke kwanduna, fararen tsuntsaye na ihu a kansu. Na cire takalmi na riƙe a hannu. Na taka yashi, ruwa ya zo ya lashi ƙafata ya koma, na bi shi. Muka wuce kasuwar kifi, muka wuce jerin shagunan furanni, ni a gaba ina ta surutu, ban ma san mun yi nisa ba.

"Zuma..."

Na juyo. Yana can baya, ya dafa gwiwoyi, jakar robobin ruwana na lilo a wuyansa.

"Don girman Allah mu ɗan huta."

Dariya ta durƙusar da ni a kan yashi. Na zaro waya na kira Mama ta bidiyo, na juya mata kamara ta ga ɗanta yana haki.

"Mama, ga shi nan, ɗanki ne ya gaji!"

Ta matso da fuska har hancinta ya cika wayar, ta ƙare masa kallo, ta ja tsaki.

"Dama tun yana yaro rago ne. Ki riƙa tafiya da shi a hankali, 'yata, kada ki ƙarasa min shi."

Na ce to, Mama. Na koma na karɓi jakar daga wuyansa na rataya a nawa, na miƙa masa hannu.

"Taso, Injiniya. Da sauran tafiya."