Hanjin Amfilifayar Baba Safiyo

Ranar Talata da ƙarfe bakwai na safe, Baba Safiyo ya ɗora faifai, ya kunna amfilifayarsa, ya zauna a kujerar da ke tsakanin sifikoki biyu. Bai yi minti ɗaya ba ya miƙe ya kashe. Ya ce an yi masa sata.

Ba abin da ya ɓace. Amfilifayar na nan a kan kabad, baƙa, da ƙarcenta a kusurwar hagu. Sifikokin na nan, kowace tsayinta ya kai ƙugun mutum. Ba a ɓalle ƙofa ba. 'Ya'yansa biyu suka zo suka duba, suka kalli juna. Shekarunsa saba'in da takwas, kuma kwana biyar ke nan da yi masa aikin yanar ido. Kafin yammacin Laraba sun gama shawara: Baba ya fara ruɗewa. Ranar Asabar za a kwashe shi a mayar ɗakin baya na gidan babban ɗansa, a zuba 'yan haya a nasa.

Ranar Alhamis ya sa baƙin tabarau, ya hau tasi, ya kai ƙara ofishin 'yan sanda. Ɗan sandan da ke bakin kanta ya yi dariya ya miƙa shi ga Sufeto, wata gajerar mace marar yawan magana, wadda ake tura wa duk ƙarar da ba mai so. Ta biyo shi gida.

"Me aka sace, Baba?"

"Sautin."

"Yaya ake satar sauti?"

"Shekara talatin da ɗaya, a faifan nan ganga tana hagu, sarewa tana dama, mawaƙiya a tsakiya. Yanzu duk sun cunkushe wuri ɗaya kamar fasinjojin bas. In na ƙara murya kaɗan sai ta ɗauke. 'Yata, ni safiyo ne, mai awon filaye. Na san inda iyaka take."

Sufeto ta saurara. Ita dai waƙa ta ji. Ta ciccibi amfilifayar, ta ji nauyi sosai. Ta juya ta. Sukurori shida ne a murfin, kowane da ɗigon jan farce a kansa, kuma kowane ɗigo ya tsage. Ta nemi sukundireba.

Cikin akwatin wayam. Wani ɗan koren allon lantarki ne kamar tafin hannu, manne a gefe. Sauran filin, guntayen ƙarfen birkin mota biyu ne, an naɗe su da tsumma an ɗaure a ƙasa. Wayoyi huɗu da suka fito daga bakunan sifika an tattara su sun koma biyu, an haɗa da allon. Kafin mahaɗar, an ƙulle su ƙulli guda, tamau. Ta ɗauki hoto.

Ta gaya wa Baba abin da ta gani. Bai ce "ai na faɗa" ba.

"Me ya rage nawa?"

"Akwatin."

"Su wa ke da makulli?" ta tambaya.

Uku ne. Nasa ya ba Inna mai shara don ta riƙa ba kyanwa abinci. Ɗaya na babban ɗansa, ɗaya na Auta, 'yarsa, malamar makaranta. Daga Alhamis zuwa Litinin ba kowa a gidan: kwana biyu yana asibiti, uku yana gidan ɗan.

Babban ɗan, wanda kowa ke kira Yaya, ma'aikacin banki ne. Ya iso da tsakar rana ɗauke da ƙaton kwali. Da ya leƙa cikin amfilifayar sai ya ajiye kwalin a hankali.

"Kai ne za ka fi kowa amfana in an ce Baba ya ruɗe," in ji Sufeto.

"Ni? Hajiya, ɗakin motsa jikina zan rasa."

"Ina makullinka?"

"A aljihun Baba, tun ranar da za mu asibiti. Ya ba Inna nasa ya ƙwace nawa. Tambaye shi."

Baba ya zaro makullin ya nuna, ya mayar.

"Mene ne a kwalin?"

"Sabuwa na sayo masa, don ya bar maganar. Wat dubu. Har da rimot."

Ta ɗauki hoton rubutun bayan kwalin.

Inna mai shara ta tsufa, amma bakinta bai tsufa ba. Ta ce kullum da safe take zuwa, minti ashirin, ba ta taɓa shigo da kowa ba. Ƙarfen nan kuwa ko ƙura sai da izini take goge masa.

"Kin ga wani canji?"

"Labule. Ranar Asabar na bar tsofaffi, Lahadi na tarar da sababbi masu kauri. Mijin Auta ne ya sa, shi da yake sana'arsa ce. Wai likita ya ce haske zai dami idon. Sai kyanwa. Da, in Baba ya kunna, can take hawa ta kwanta saboda ɗumi. Tun Talata in ta hau sai ta shinshina ta sauko. Na ce musu, suka ce ni ma na kusa ruɗewa."

Saura mai gyara. Wata guda da ya wuce amfilifayar ta kwana uku a shagonsa, kuma shi ne wanda Yaya ya fara zargi. Dalma ake ce masa. Shagon bai fi faɗin tabarma biyu ba, rediyoyi marasa murfi jibge har rufi, ga warin dalma da ƙonannen roba. Sufeto ta dire akwatin a kan teburinsa. Ya duba ciki ya daɗe.

"Innalillahi. Sun yi mata fiɗa."

"Ana cewa kai ne."

"Jan farcen nan nawa ne. Na matata ne dai, amma ni nake ɗigawa. Da ni na buɗe, ai da na sake ɗigawa, kwalbar ga ta can." Ya taɓa allon da bakin sukundireba. "Kuma dubi aikin. Wannan baki ɗaya gare shi, ba hagu ba dama. Sifikokin Baba kowace om huɗu ce, ma'aunin sifika ke nan. In kika haɗa biyu a baki ɗaya sun koma om biyu. Kamar ki ɗaura wa jaki amalanke biyu ne. Zai ja, zai ja, ya durƙushe. Shi ya sa take ɗaukewa. Ni in yi wannan? Gara a ce na yi sata."

Ta nuna masa hoton kwalin Yaya. Ya yi tsaki.

"Wat dubun bakin talla. Karanta ƙaramin rubutun: om takwas zuwa sama. Ba ta Baba ba ce. Mutane kasuwa suke fara zuwa, alhali bayan sifika ake fara karantawa. Om nawa take, wat nawa take ɗauka. Sannan ki nemi wadda aka rubuta za ta ja wannan om ɗin, da wat na gaskiya a kowane ɓangare, ba na jimla ba. Ta Baba sittin-sittin ce kacal, amma taransifomarta kaɗai ta fi wannan kwalin nauyi. Ba a yin irinta yanzu."

"Ƙullin fa? Haka kuke yi?"

Dalma ya sa tabarau ya sunkuya. Ya yi dariya ta hanci.

"Mu? A'a. Wannan na masu jan waya a filin taro ne, masu hayar lasifika. Su ne ke jera sifika goma a baki ɗaya. Kuma kafin su haɗa waya sai sun ƙulle, don in wani ya yi tuntuɓe kada ta zare. To wa zai yi tuntuɓe a cikin akwati?"

"Akwai mai wannan sana'ar a dangin Baba?"

"Ban sani ba. Ni ƙarfensu na sani."

A takardar Sufeto babu irin wannan mutum. Ma'aikacin banki, malamar makaranta, mai sayar da labule, mai shara. Ta tsaya a wani shago ta sayi doguwar wayar ƙari mai baki ɗaya.

Ranar Juma'a da la'asar ta tara su a falon Baba. Yaya na tsaye bakin taga. Auta na zaune kusa da uban. Mijinta, Mai Labule, mutum ne mai fara'a da saurin durƙuso. Shi ya kawo wa Sufeto ruwa.

"Ranar Asabar ka shigo gidan nan."

"Na shigo, ranki ya daɗe. Labule na sa wa Baba. Awa ɗaya."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai. Madam tana asibiti... a'a, tana gidan Yaya, wurin Baba."

"Ka taɓa amfilifayar?"

"Ni? Ko ƙwan fitila ne ya mutu a gidana, mai lantarki nake kira. Zare da allura na sani."

"Wa ya fara cewa Baba ya ruɗe?"

Yaya ya kalli Auta. Auta ta kalli ƙasa.

"Duk mun damu ne," in ji Mai Labule. "Tsufa ba laifi ba ne."

Sufeto ta rufe littafinta kamar ta gama. Ta yi fifita da shi.

"Labulayen nan naka sun tare iska. Baba yana zufa. A matso masa da fanka mana."

Fankar na can lungu, wayarta gajera. Sufeto ta zaro wayar ƙarin daga jakarta ta ajiye a kan teburi, ba ta miƙa wa kowa ba. Yaya bai motsa ba. Mai Labule ya yi zumbur. Ya jawo fankar gaban Baba, ya warware wayar da girgiza ɗaya, ya kama kan ta fanka da bakin ta ƙari, ya sarƙe su ya ƙulle, sannan ya cusa ɗaya cikin ɗaya ya ja ya ji ƙarfi. Bai ko duba hannunsa ba. Fanka ta tashi.

"Sannu, Baba," in ji shi.

Sufeto ta ajiye wayar salularta a ƙasa kusa da ƙullin, hoton cikin akwatin a buɗe. Ƙullin biyu kamar tagwaye.

"Malama," ta ce da Auta, "kafin labule, mece ce sana'ar mijinki?"

Auta ta daɗe tana kallon fankar.

"A filin taron makarantarmu na fara ganinsa," ta ce. "Yana jan waya. Shekara tara ya yi yana yi. Ba ya son a faɗa."

Sufeto ta yi bayani a taƙaice, kamar mai karanta rahoto. Kyanwa ta nuna an yi musanyen ne bayan an kai Baba asibiti, ba a shagon Dalma ba, kuma Dalma ba shi da makulli. Makullin Yaya yana aljihun Baba. Inna ba ta wuce minti ashirin, aikin kuwa na awa uku ne da dalma. Saura makullin Auta, wanda mijinta ya shigo da shi ranar Asabar. Wanda ya yi ya san darajar abin da ke ciki, ya san a sa nauyi, ya san haɗa waya. Amma bai taɓa zama tsakanin sifika biyu ya saurara ba. A fili ya koyi aiki, inda ƙara kawai ake nema. Ya haɗa yadda ya saba, ya ƙulle yadda ya saba.

"Hannu ba ya mantuwa," ta ce. "Ina kayan?"

Mai Labule ya zauna a ƙasa. Suna bayan shagonsa, ƙarƙashin bandiran yadi, a cikin akwatin katako da ya sa kafinta ya yi masa. Bai sayar ba. Ya ce tun ranar da ya fara shigowa gidan nan gaisuwa yake jin sautinta a ƙirjinsa. Ya ce ya ɗauka kunnen mai shekara saba'in da takwas ba zai bambance ba.

"Da ya bambance fa?" Sufeto ta tambaya.

Mai Labule ya sunkuyar da kai.

"Sai ka ce wa kowa hankalinsa ne ya taɓu," in ji Sufeto. Ta juya ga Baba. "Sata ce, kuma ya amsa. In ka ce a shigar da ƙara, yau zai kwana a wurinmu."

Auta ba ta roƙa ba. Yaya ya fara cewa, "Baba, maganar gobe..." sai ya ga ba wanda ke sauraronsa, ya fita waje da wayarsa yana neman mai motar kwasar kaya don ya ce masa an fasa.

Baba ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Ya kai kayan wurin Dalma da hannunsa, ya tsaya a kansu har a mayar. Ya kuma cire labulensa. Ba na shigar da uban jikokina kotu a kan taransifoma."

"Shi ke nan?"

"A'a. Rahoto nake so. Ki rubuta cewa ranar Talata da ƙarfe bakwai na safe na ce an yi mini sata, kuma an yi. Ki sa hannu, ki buga hatimi."

"Tunda ba ƙara, Baba, rahoton ba inda za shi."

"Akwai," in ji shi. "Kwafi uku. Kowane gida ɗaya."

Sufeto ta buɗe littafinta, ta tambaye shi cikakken sunansa.